Kwamfutar da Yaya Ya Kai Wanki

Ranar Litinin da la'asar Yaya ya shigo gidana da kwamfutata a hammata, ya naɗe ta cikin rawani, yana ta washe baki. Ni ban ma san ta bar ɗakin ba. Ina makaranta ya zo ya ɗauka, don shi gidana ba ya da shamaki a wurinsa. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya aurar da ni.

Ya ce, "Auta, na kai an wanke miki ita. Kullum kina kukan nauyi gare ta. Gobe kya ga gudu."

Masu gyara fomatin suke cewa, mu kuma wanki: a share duk abin da ke cikin kwamfuta a zuba mata sabo. A garinmu shi ne maganin kowace cuta. Ta yi nauyi, a wanke. Ta yi zafi, a wanke. Da na kunna sai na ga ta tashi fes, babu wannan dogon tunanin da ta saba yi. Takarduna dama suna cikin memori. Na zura shi, na mayar da manhajar jarrabawa, ta hau lafiya lau. Har godiya na yi masa, na zuba masa fura. Abu ɗaya ne ban gwada ba, intanet, domin babu inda zan gwada shi a cikin gari.

Lokacin an kashe layukan waya a yankinmu saboda rashin tsaro. Wayarka sai dai ta zama fitila da agogo. Mai son magana da duniya sai ya nemi layin Nijar ya tafi bakin boda, inda sabis ɗinsu ke ɗan tsallakowa. Can na mayar ajina. Akwai wata bishiyar bedi a bayan rumfar mai faci, idan ka zauna a saiwarta ta gabas ka ɗaga waya daidai kafaɗa, kana samun sanda biyu ta sabis, wani lokaci uku. Nan nake kunna hotsifot ɗin wayata, kwamfuta ta kama ta waifai, in saurari darasi tireloli na ta huci a bayana.

Ni malamar firamare ce, 'ya'yana huɗu. Shekara takwas ina karatun digiri daga nesa, kuma takwas ɗin nan ita ce iyakar abin da makarantar ke ba ɗalibi. Takarda ɗaya ta rage mini. Sau biyu tana wuce ni, ta farko ina ɗakin haihuwa, ta biyu ina jinyar mahaifiyarmu. Zaman ranar Talatar nan shi ne na ƙarshe. Za a buɗe ƙofar shiga ƙarfe biyu, a rufe biyu da rabi, wanda bai shiga ba shi ke nan. Kuma manhajar ba ta hawa waya, sai kwamfuta.

Ƙarfe takwas na safe muna gindin bedi, ni da Yaya, don cewa ya yi ranar ba zai buɗe shagon ɗinkinsa ba sai ya ga ƙarshen karatun nan. Na shimfiɗa ɗankwali, na kunna hotsifot, na buɗe kwamfuta. Na kai hannu kusurwar da alamar waifai take zama. Babu ita. Wani ɗan akwati na gani da jan kuros a kansa.

Na ce ƙila barci take. Na kashe na kunna. Na danna maɓallin waifai da ke jikin allon rubutu har yatsana ya yi zafi. Na kashe wayar ita ma na kunna, na matso da ita har tana gogar kwamfutar. Wata mai sayar da goro da ke gefe ta ce ita wayarta ta ga nawa hotsifot ɗin tun tuni, in ba ta lambar sirri mana. Ke nan laifin ba na waya ba ne. Kwamfutar ce ba ta ganin kowa, ba nawa ba, ba na masu kiliyarin, masu fito da kaya daga kwastan, da ke tsallaken titi ba.

Akwai wurin da kwamfuta ke jera sunayen kayan cikinta, an taɓa nuna mana a wani kwas. Na lalubo shi da ƙyar. Can ƙasa na ga layi ɗaya da alamar rawaya, wai ga wata na'urar sadarwa amma ba a san ko wace ce ba. Sai na gane. Kowane kati a cikin kwamfuta yana da 'yar manhajarsa da ke koya mata yadda za ta yi aiki da shi, ita ake kira direba. Wanki ya tafi da ta katin waifai.

Na ce, "Yaya, da mai gyaran ya ba ka ita, me ya ce maka?"

Ya ce, "Cewa ya yi komi ya yi daidai. Sauran 'yan abubuwa ita da kanta za ta ɗauko in ta ga intanet."

"In ta ga intanet! Da wane idon za ta gan shi?"

Na san bai gane ba, ni kuma ba ni da numfashin bayani. Abin da za ta kama intanet da shi, shi ne yake can cikin intanet ɗin.

Na tuna ana iya haɗa waya da kwamfuta da igiya. Yaya ya zaga rumfuna ya aro mini igiya uku. Biyu na caji ne kawai, kwamfutar ko motsi ba ta yi ba. Ta uku ta sa ta yi ƙara, na ce Alhamdu lillahi, sai ta rubuto cewa ita ba ta san wannan abin da aka cusa mata ba. Ashe wayar ma sai da nata direban. Na ji kamar in ɗaga ta in maka da saiwar bedi.

Na tsallaka titi wurin masu kiliyarin, na sami wani mai farar riga a gaban tasa kwamfutar. Na gaishe shi har da rusunawa, ni da ba na rusuna wa kowa sai surukata. Na roƙe shi aron awa biyu. Ya ce ta ofis ce, ba ta karɓar sabuwar manhaja sai da lambar maigidansa, maigidan kuwa yana Katsina, babu layin da zai same shi. Ya dai tausaya mini, ya ba ni shawara: in kifa kwamfutar, in karanta sunanta da lambarta a takardar da ke manne a gindi, in nemo direban wannan lambar a waya, in ɗauke shi da memori in kai mata.

Na yi tunanin Katsina ni ma. Amma a kwanakin nan mota sai ta cika take tashi, ga shingaye a hanya, ga abin da kowa ke tsoro. Wanda ya tashi da hantsi bai san ko azahar za ta same shi a can ba. Na zaɓi bedi.

Na kifa ta, na kwafe lambar harafi bayan harafi. Na sami shafin, na sami fayil ɗin, na danna. Wayyo, sabis ɗin nan! Layin saukarwa yana tafiya kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Idan tirela ta gifta sai ya tsaya. Idan hannuna ya gaji na sauke shi kaɗan sai ya tsaya. Ga mutane sun fara cika gindin bishiyar, kowa da wayarsa a sama, wannan yana kiran ɗansa a Legas, wancan yana faɗa da wanda ya aiko masa da buhunan da ba su cika ba, duk muna rabon sanda biyu. Batirin kwamfuta kuma ya fara ja. Mai caji yana can nesa inda babu sabis, don haka Yaya ya rungume ta ya tafi, ni na tsaya da hannu a sama.

Sai wajen goma da rabi fayil ɗin ya sauka. Na cire memori daga waya da farce, ya suɓuce ya faɗi cikin yashi, mai goro ta tayani tonowa. Yaya ya dawo da kwamfuta. Na zura, na ɗora, ta ce in kashe in kunna. Na yi bisimilla na kunna.

Jan kuros yana nan inda na bar shi.

Na koma shafin. Ashe ƙarƙashin lambar nan direbobin waifai har uku ne. Na ce to, na biyu. Wannan ya fi na farko girma, ya kai rabi ya yanke, na sake daga farko. Rana ta dawo tsakiya, inuwar bedi ta tattare ta bar saiwar gabas, ni kuwa ba ni da ikon matsawa. Zufa tana bin bayana har cikin zane. Ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, wata ma ta shiga kasuwa ce. Na biyu ya sauka sha biyu saura, na ɗora. Kwamfutar ta rubuto mini cewa ba ta ga na'urar da wannan direban yake nema ba.

Daidai nan Yaya ya durƙuso kusa da ni, ya ce a hankali, "Auta, ko a mayar wa mai gyaran ya sake wanke ta?"

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba.

"Wanki! Wanki dai! Wa ya aike ka? Na ce maka tana ciwo ne? Da nauyinta da komai shekara uku tana kai ni inda zan je. Shekara takwas, Yaya! Da ciki na yi karatun nan, da goyo na yi shi, a gefen gadon Inna na yi shi, ka zo rana ɗaya ka zubar mini da shi a kwata. Don Allah tashi ka ba ni wuri!"

Gindin bedi ya yi tsit. Har mai faɗan buhuna ya sauke wayarsa. Mutumin da ya girme ni da shekara goma sha biyar, ga furfura a gemunsa, na yi masa wannan a gaban masu goro da 'yan dako. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwar wandonsa, ya bi ta bayan rumfar mai faci ya tafi. Mai goro ta ce, "Haba Malama." Na ce ta ji da goronta. Ina da baki, na sani, kuma ranar ban ji ko ɗigon nadama ba sai daga baya.

Na danna na uku. Ba don na yarda da shi ba, don dai babu abin da ya rage. Yanzu ni ce mai riƙon waya, ni ce mai gudu wurin caji. Na uku ya sauka bayan ƙarfe ɗaya, na ɗora, na kashe, na kunna. Jan kuros. Na zauna dirshan a ƙasa na rufe fuska da mayafi na yi kuka, irin kukan da ban yi ba tun ranar da aka fita da Inna. Aka kira azahar ina ji, na kasa tashi.

Biyu saura kwata na ji muryar Yaya a kaina. "Ga ta nan. Duba mata."

Na ɗago. Yana tsaye, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ƙafafunsa fari fat da ƙura, ƙarangiya ta lulluɓe bakin wandonsa, silifa ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu ta tsinke. A gefensa wani siririn mutum ne da tabarau da 'yar jakar fata. Na gane shi. Bamaraɗen da ya sayar wa Yaya kwamfutar ne shekara uku da suka wuce, yana da rumfa a tsallaken iyaka inda manyan motoci ke kwana. An hana hawa babur a lokacin. Ashe da ƙafa Yaya ya bi ta gonaki ya je, da ƙafa ya taso shi suka dawo.

Mutumin ya tsuguna ya ce, "Malama, mi ya hwaru?"

Na gaya masa a gurguje, na nuna masa lambar da na kwafa da direbobi ukun da na ɗora. Ya kifa kwamfutar, ya dubi takardar gindin, sai ya yi 'yar dariya. Da ba don ina neman taimakonsa ba da ya ji abin da ya fi na Yaya.

Ya ce, "Wagga lamba ta murhi ce, ba ta ciki ba. Ni na haɗa ta da hannuna. Mu gawa uku muka tarawa mu tada guda. Gindin na wata ne, uwar ta wata ce, katin rezo kuwa, wanda kuka ce ma waifai, ko kamfaninsu ba ɗaya ba. Ko kwana kika yi kina sauke na wagga lamba ba shi kamawa."

Wato tun safe takardar wata matacciyar kwamfuta nake yi wa hidima. Kowa a bakin boda ya san haka kayan tsallake suke, shi ya sa suke da sauƙi, ni ma na sani. Amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba.

Ya zaro ɗan sukudireba daga jaka, ya kwance ƙusa biyu, ya ɗaga wani ɗan murfi. Ga katin nan, bai fi akwatin ashana ba, da siraran wayoyi biyu, fara da baƙa. Ya ɗage tabarau ya karanto mini abin da ke rubuce a jikinsa, ina bugawa a waya. Ya karɓa ya zaɓo fayil ɗin da kansa, ya ce wannan ƙarami ne, minti biyar ya ishe shi. Lokacin ƙarfe biyu daidai. An buɗe ƙofa.

Minti biyar ɗin nan a inda sabis yake ne. Mutane sun fito daga masallaci sun dawo gindin bedi gaba ɗaya, sanda biyu ta koma ɗaya. Layin ya kai kwata ya tsaya cak. Na ɗaga hannu har ina ɗage. Na hau saiwa. Sai na ji Yaya yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Don girman Allah ku kashe na minti goma, ƙanwata ce za ta yi jarrabawa." Wasu suka kashe. Mai goro ta kashe tata, ta kuma tashi tana taya shi roƙo. Wani ya ƙi, ya ce shi ma matarsa ce ke asibiti, aka ƙyale shi.

Biyu da kwata, layin ya kai rabi. Biyu da ashirin, ya wuce rabi. Ina kallon agogo ina kallon layi, ba na ma iya addu'ar sai "Ya Allah, Ya Allah". Biyu da ashirin da shida ya cika. Bamaraɗen ya fizge wayar, ya ciro memori, ya zura, ya ɗora. Kwamfuta ta ce sai an kashe an kunna. Na ce ya bar ta haka, ya ce ba ta yarda. Ta mutu, ta taso. Jan kuros ya ɓace. Ga sunayen waifai sun jero reras, nawa a sama.

Na mayar da memori gefe, na buga lambar sirri, na yi kuskure, na sake. Ta kama. Na buɗe manhajar jarrabawa, na sa lambata ta ɗaliba. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a tsakiyar allo, yana juyawa, yana juyawa. Sannan shafin ya buɗe, fari tas, da tambarin makaranta a sama da layi biyu a ƙasa. An rufe shiga wannan jarrabawa. Agogon kusurwa ya nuna biyu da talatin da huɗu.

Bamaraɗen ya karanta ta saman kafaɗata. Ya dube ni, ya mayar da sukudirebansa cikin jaka a hankali.

Yaya kuwa tambarin ya gani. Shi bai yi boko ba, allo ya yi, daga nan sai keken ɗinki. Ya ga shafi ya buɗe da alamar makarantar da ya saba gani a takarduna, sai ya ɗaga hannu biyu sama, da tsinkakkiyar silifar a ɗaya.

"Allahu Akbar! Ta kama! Auta, ya buɗe ko? An bar ki kin shiga?"

Na dubi ƙafarsa, wani yatsa yana jini bai ma sani ba. Na dubi fuskarsa. Idan na karanta masa layi biyun nan, na san har ya koma ga Allah zai riƙa cewa shi ya kashe mini karatu, domin ni da bakina na gaya masa haka a gaban jama'a.

Na ce, "Ya buɗe, Yaya. Ka ja baya kaɗan, ba a son a ga kowa kusa da ni."

Ya ja da baya da sauri, yana kora mutane, yana cewa a yi mata shiru. Bamaraɗen ya tashi, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya kama hanyar gonaki bai ƙara kallona ba. Ni kuma na buɗe farin shafi na rubutu, na gyara zama, na fara bugawa. Duk abin da na haddace na takardar nan na zuba shi, babi bayan babi, ba tambaya ba mai dubawa, hawaye na sauka a kan maɓallai ina sharewa da gefen mayafi. Awa biyu cur. Yaya yana can tsaye cikin rana yana gadi, duk wanda ya nufo bedi sai ya tare shi ya nuna masa wata hanya.

Bayan wata biyu na je shagonsa na ce masa sakamako ya fito, na faɗi, tambayoyin sun fi ƙarfina. Ya tsayar da keken, ya daɗe yana kallon zaren da ke hannunsa.

Ya ce, "Ba komi, Auta. Haka Allah ya so. Ni dai abin da na gode masa, kin samu kin zauna kin rubuta. Da a ce ta dalilina kika rasa shiga, wallahi ban san inda zan sa kaina ba."

Na ce haka ne, Yaya.